Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya a Kwamfutar Mashudatu

Malam Usumanu Ɗankande ya yi shekara talatin da biyu yana awon filaye a Tamale, a arewacin Ghana, ba a taɓa kama shi da kuskuren taku ɗaya ba. A unguwar Kukuo, inda ya gina gida tun ana noma masara a bayan katangarsa, an san shi da rashin barin wani ya yi masa abin da zai iya karantawa ya yi da kansa. Kakansa ya zo daga Katsina cikin ayarin fataken goro, ya zauna a Salaga kafin ya taso Tamale. Malam ya san kowane zango da tsohon ya yada, amma ba ya ba da labarin. Ko bayan ya yi ritaya, maraicensa na zanen taswirar filayen mutane ne.

'Yarsa ɗaya ce, Mashudatu. Ta karanta tarihi a jami'a, ta dawo gida tana bin tsofaffin unguwa da kwamfutarta ta hannu, tana naɗar labaransu. Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke ta tana da shekara ashirin da shida.

Bayan sadakar arba'in, mahaifiyarta Memunatu ta bi al'adar gidansu: ba a ba da kayan mamaci sadaka sai an wanke su. Ta wanke zannuwa, ta wanke mayafai, har takalma. Kwamfutar kuwa sun yi alkawarin ba wata ɗaliba a Kasalgu, sai Malam ya ce ita ma sai an wanke ta. Ya kwashe duk abin da ke ciki ya zuba a filashi, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, bai buɗe ko ɗaya ba. Ya goge komai, ya ɗora sabon tsarin aiki, yana bin umarni layi-layi.

Don ya gwada aikinsa ne kawai ya mayar da filashin. A cikin jerin sunayen tsofaffi ya ga wani bidiyo mai suna "Baaba". Ya danna. Ga Mashudatu a tsakar gidansu tana gyara ɗankwali, bakinta na motsi. Babu sauti.

Ya ƙara murya har ƙarshe. Ya sa abin kunne. Ya kashe ya kunna sau uku. A ƙasan allon, alamar lasifika na ɗauke da jan gicciye. Kwana biyu yana rubuta kowane gwaji a takarda, da lokacinsa da sakamakonsa, kuma babu wata na'ura a gidan da filashin zai shiga balle ya gwada bidiyon a can. Memunatu ta tsaya a bayansa tana kallon leɓen 'yarta.

"Malam," ta ce a hankali, "har da muryarta ka wanke?"

Shi ma abin da yake tsoro ke nan.

Da safe ya hau keke mai ƙafa uku zuwa unguwar Kaladan, shagon Sena, wani mai gyaran kwamfuta ɗan kudu, mai Hausar kasuwa.

"Alhaji, wane ne ya yi ma kwamfuta nan fomatin?"

"Ni ne."

"Kai da kanka? Ei! In tsofo duka sun iya haka, ni zan koma sayar da doya." Sena ya buɗe wani shafi ya nuna masa alamar rawaya. "Duba nan. Sifika yana nan, lafiyanshi lau. Sabon sistem ne bai san shi ba. Akwai ƙaramin abu da ke haɗa su, direban sauti, shi ka manta."

"Muryar da ke cikin bidiyon fa?"

"Ba ka taɓa shi ba. Yana nan."

Minti goma ya ɗauka. Jan gicciyen ya ɓace. Sena, wanda bai san ko wace ce ba, ya danna bidiyon don gwaji, muryarta ta cika shagon.

"Yau Asabar, zan yi hira da Baabana, Malam Usumanu. Baaba! Zo ka zauna mana, ka fara daga Salaga."

Daga can cikin ɗaki wata murya ta amsa, Malam ya gane tasa ce: "Ba yanzu ba, Mashu. Ina tsakiyar aiki. Bari sai wani satin."

Ta yi dariya, ta dubi kyamara. "Wani satin na bara ma bai iso ba tukuna. Shi ke nan, za mu jira shi." Ta miƙo hannu, hoton ya tsaya. Daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Sena ya dubi fuskar tsohon, ya janye hannunsa daga kwamfutar. "Alhaji, yarinyanka ne?"

"Ita ce. Ta rasu." Ya gyara tabarau. "Sake kunnawa."

Ya tuna aikin ranar sarai: taswirar filin wani mai buga bulo, wanda bai zo karɓa ba sai bayan wata biyu.

Ya cika alkawari. Ɗalibar Kasalgu ta karɓi kwamfutar, sauti na aiki. Kafin nan Sena ya tura masa bidiyon a waya. Memunatu ta saurara sau ɗaya, ba ta sake nema ba.

Malam ya daina karɓar aikin taswira. Ya sayi littafin rubutu, ya fara labarin kakansa daga Katsina, zango bayan zango, da kyakkyawan rubutunsa na mai awon filaye. Shafi goma sha huɗu ya cika, ya kawo tsohon har ƙofar Salaga. A nan rubutun ya tsaya, yau wata bakwai ke nan. Abin da ya faru a Salaga duk ya sani. Tambayar da Mashudatu za ta yi masa ta gaba ce bai sani ba.