Ƙusa Uku a Kat-kat ɗin Kawu Manzo

Duk wanda ya taɓa shiga kat-kat ɗin Kawu Manzo, babbar motarsa mai keta rairayi, lokacin sanyi ya san yadda yake tarbar baƙo. Kafin ka gama sallama ya miƙo maka bargo da hannun dama, tsumma da na hagu, ya ce, "Lulluɓa da wannan, goge gilashi da wancan, kuma a rage numfashi."

Wallahi haka yake cewa, a rage numfashi! Fankar shofaj ɗin motar, wadda ke huro ɗumi ta kuma busar da gilashi, ta mutu tun ina 'yar makaranta a gidansa a Stains ta ƙasar Faransa, bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarsa. Mutum huɗu suka yi hira a ciki, sai gilashi ya yi fari fat. Don haka ya hana hira. In na yi dariya ya juyo ya ce, "Rakiya, hucin bakinki zai jefa mu rami."

Ba wai ba shi da hali ba ne, kun san shagonsa na yadi. Abin da ya riƙe shi ne, motar nan ba ta Faransa ba ce. Ya saye ta don ranar da zai rufe shago ya ɗauki matarsa Inna Dije su keta sahara har ƙofar gida a Damagaram. In aka ce ya gyara fanka sai ya zaro ido: "Ɗumi? A Damagaram? In biya kuɗi in sayi abin da Allah ke rabawa kyauta can? Baɗi muna gida!"

Baɗin nan, jama'a, a cikinta na yi girma har na yi aure.

Ni lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya na kasuwa. In na hango su a gaba, shi da rawani har hanci, ita da bargo biyu, sai in ce a raina ga masoya na gaskiya, masu mafarki guda. Ban taɓa duban yatsun Inna ba, yadda take cusa su a hammata.

Da sanyi ya ishe ta, sai ta fara shiga da kaskon turaren wutarta, ta ajiye tsakanin ƙafafunta. Wata safiya a Porte de la Chapelle ɗan sanda ya tsayar da mu, don ya ga hayaƙi na fita ta taga. Ya leƙo ya ce, "Monsieur, motarku na ci da wuta."

Kawu ya ce, "Ba mota ba ce, madam ce."

Ɗan sandan ya dubi Inna, ya dubi kasko, ya tambaya ko shofaj ba ya aiki. Kawu ya buga ƙirji ya ce, "Yana aiki sosai, ga shi nan zaune, shekara da shekaru bai taɓa lalacewa ba." Mun yi dariya har gilashi ya rufe. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta kashe garwashin da ruwan gorarta, ta ce, "Alhaji, mu tafi."

Sai zancen Habibu, mijina na yanzu. Yana nemana lokacin, ni kuwa na ba shi shawara irin ta littafi: jarumi ya kawo kyautar da za ta narkar da zuciyar uba. Bawan Allah ya yi yawo wuraren da ake sayar da kayan matattun motoci har ya samo fanka daidai da tamu, ya naɗe ta a kwali ya durƙusa ya miƙa. Kawu ya jujjuya ta kamar wanda aka miƙa wa mushe.

"Yaro, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba. Na ga Inna na jin sanyi ne."

"Ka ga Inna na jin sanyi! To ka haɗo mini da likkafani mana, tunda ka yanke cewa nan zan mutu."

Bai hana shi aurena ba, amma har ya bar duniya "mai fanka" yake kiransa. Kwalin kuwa ƙarƙashin gado ya tura shi.

Tafiyar da ba na son tunawa ita ce ta sunan jikansu, ɗan Balki 'yarsu, a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon. Balki ta roƙa a waya a saka Inna a jirgin ƙasa. Kawu ya ce ina, motar da za ta keta sahara Lyon ce za ta gagare ta? Muka kama hanya, ƙanƙara na zuba, ni ina goge gilashi har hannuna ya daina jin tsumma. A tsakiyar hanya Inna ta yi magana, ita da ba ta musu da shi gaban mutane.

"Alhaji, ni na haƙura da Damagaram. Ɗumi kawai nake so."

Ya ce, "Ƙara mata bargona, Rakiya."

Ba ta dawo Stains ba. Ta kwanta da tari a gidan Balki, daga nan asibiti, daga nan maƙabartar musulmi ta can. Likitoci sun ce ciwon ya daɗe a ƙirjinta, ba tafiyar ba ce. To, su suka yi karatu. Ni dai na ga yatsunta ranar, kuma tun daga nan ban sake buɗe littafin soyayya na gaskata shi ba.

Bayan sadakar arba'in na sauko wurin ajiye motocin gidansa na tarar da ƙafafun Kawu a waje, sauran jikinsa a ƙarƙashin gaban kujerar Inna, kwalin Habibu a buɗe. Ya ƙi a taimake shi. Ya ciro ƙaramin akwatin nan na gaban kujera, ya zare wayar wuta, ya kwance ƙusoshi, tsohuwar fanka ta faɗo cike da busassun ganye da toka. Ya cusa sabuwar, ya ɗaure, ya mayar da waya. Ko shayin da na kawo masa bai huce ba.

Ya murɗa makulli, ya danna maɓalli. Iska ta taso da ƙara, ta yi ɗumi, sai ga ƙamshin turaren Inna na fitowa ta kowace kafa, wanda ya maƙale a bututun duk shekarun nan. Ya daɗe zaune, turnabis ɗin da ya kwance ƙusoshi da shi a hannu. Sannan ya buɗe tafinsa ya nuna mini tsoffin ƙusoshin.

"Rakiya, ashe ƙusa uku ce."

Na so in ce masa wani abu mai zafi, wallahi na so. Ban iya ba.

Daga nan ya daina zancen baɗi. Kowane wata sai ya kama hanyar Lyon ziyarar kabari, shofaj a ƙure, duk kafofin iskar ya karkata su ga kujerar da ba kowa, shi yana zufa cikin rawani. Na taɓa miƙa hannu zan rage, ya buge mini shi: "Ba don ke aka kunna ba." Da ajalinsa ya zo, shi da bakinsa ya ce kada a kai shi Damagaram, a kwantar da shi kusa da ita. Motar tana nan a Stains, tayarta ba ta taɓa taka rairayi ba, amma shofaj ɗinta lafiya lau.

Ya Allah, ka lulluɓe Inna Dije da rahamarka, ta sha sanyi ya isa. Ka yafe wa Kawu Manzo taurin kansa, ka taimake ni ni ma in yafe. Ka kai su gidan da ba a cewa sai baɗi. Amin.