Yunifom ɗin Jikata da Daddawar Kano

Shekarar da 'yata da mijinta suka tashi daga Dagenham suka koma Plumstead, duk unguwanni ne a London, a wurinsu nake zaune, kuma ni aka bar wa jikata duk hutun ƙarshen shekara, don su biyun aiki suke fita. Shekararta bakwai, za ta shiga sabuwar firamare inda ba ta san kowa ba. A tsohuwar makarantarsu akwai ranar da ta buɗe kwanon abincinta, wata yarinya ta toshe hanci, sauran suka kwashe da dariya, kuma tsokanar ta bi ta har ƙarshen zango. Shi ya sa ba sabuwar jaka ta roƙa ba, ba takalmi ba. Hausa tana ji sarai, amsa ce sai da Turanci, da shi kuma ta ce mini, "Kaka, ni dai kada in yi wari ranar farko."

Na ce, "Ƙawata, ina cikin gidan nan wa zai ce kin yi wari? Kwantar da hankalinki."

Abin da makarantar ke so ba shi da yawa: farar riga, siket ko wando ruwan toka, ga mai so kuma ƙaramin hijabi kore. Na zauna a Khartoum, na zauna a Jidda, na zauna a Yamai, na sha wahalar tela a kowane gari da yarensa. Abin da na yaba wa London shi ne ka shiga babban kanti ka zaro kayan makaranta daga maratayi, ka wuce. Aibinsu ɗaya, siket ɗin iyakarsa gwiwa. Surukina ya ambaci haka a waya, cikin hira kawai, ga mahaifiyarsa da ke Kano. Shi ke nan. Hajiya ta ce jikarta ba za ta sa na kanti ba tana raye, ita za ta sayi yadi ta bayar a ɗinka, dogo har idon sawu.

Na hango abin da ke tafe, amma tsakanina da uwar mijin 'yata sai gaisuwa da addu'a. Na auna yarinya da tef, na karanta mata a waya, na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya."

Haka Agusta ya yi ta zagwanyewa. Mukan je filin wasa, wata rana mu gangara Woolwich mu hau jirgin ruwan da ke haye kogi mu dawo, ba don muna da inda za mu je ba. Duk uwar da muka haɗu da ita tana riƙe da ledar kanti cike da fararen riguna. Jikata ta bi ledar da kallo, ta juyo.

"Kaka, nawa ya zo?"

"Yana hanya."

Ba ya kan kowace hanya. Yana kan keken tela, shi kuma tela yana kan gobe in Allah ya yarda. Da aka gama ɗinki sai aka shiga neman mai tafiya, domin mutanenmu ba sa yarda da saƙon da ba a danƙa a hannun ɗan wani da aka sani ba. Aka samu ɗan maƙwabtan Hajiya, ɗalibi, zai dawo karatu. Ya sauka lafiya, daga nan wayarsa ta daina shiga. Sai ranar Asabar ya kira, makaranta kuma Litinin.

Na ja yarinya muka hau bas zuwa Thamesmead, inda gine-ginen siminti suka yi kama da juna kamar 'ya'yan uwa ɗaya. Da ƙyar muka gano gidan da ɗalibin yake. Tun kafin in gama amsa gaisuwarsa ya turo jakar bakko waje da ƙafa.

"Mama, ku yi haƙuri, layina ne aka yi cancel. Wallahi ni ma na matsu a ɗauke ta. Kusa da tukunyar ruwan zafi na ajiye, abokan zamana har sun fara yi mini magana."

A bas, matar da ke gefenmu ta tashi ta koma baya. Wani dattijo ya buɗe taga. Jikata ta ƙura wa jakar ido har gida.

Da muka zuge zif, falon ya ɗauka da wari. Hajiya ta naɗe curin daddawa a cikin siket, ta nannaɗe robar man shanu da farar riga, ta ƙulle kuka da yaji a cikin hijabi, don kada wani abu ya fashe a jirgi. Kowa haka yake yi, ni ma na yi, amma da tsohon zane ake yi! Ɗinkin kuwa ya yi kyau, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Surukina ya ɗaga siket ya kai hanci. "Umma, ni fa ban ji wani abu sosai ba."

'Yata ta ce, "Kai da aka yaye da miyar kuka, ina za ka ji?"

Yarinya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Na sa a injin wanki, na sake sawa. Na jiƙa da lemon tsami, na jiƙa da kanwa. Da a Khartoum ne, rana ɗaya a kan igiya ta isa ta kashe warin mushe ma. A nan rana ta leƙo ta ga aikin da ke jiranta ta koma, yayyafi ya karɓa. 'Yata ta kai shagon wanki aka busar da injin zafi, zafin ya ƙara dafa daddawar a cikin zare.

Da safiyar Lahadi na fito da makamina na ƙarshe. Na kunna gawayi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau, na baza kayan a kan kujera na lulluɓe. Ko minti biyar ba a yi ba na'urar hayaƙi da ke manne a silin ta ɗauki ihu. Surukina ya hau kujera yana yi mata fifita da tawul, maƙwabciyarmu Baturiya ta buga ƙofa tana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. Ƙasar da gida ke kai ƙarar mai shi don ta yi turare!

Da hayaƙi ya lafa na kira yarinya. Ta shinshina, idonta ya ciko.

"Kaka, yanzu ina warin miya da warin gidan biki."

Gaskiya ta faɗa. Na ɗauki mayafina na ce wa uban, "Tashi ka kai mu kanti."

"Umma, Hajiya fa za ta ji babu daɗi."

"Hajiya ce za ta zauna a aji gobe?"

Na manta cewa ranar Lahadi manyan kantuna a garin nan da wuri suke rufewa, kamar masu gudun bashi. Muka isa mai gadi yana ta duba agogo. Wajen kayan 'yan mata an share shi tas, sai maratayai tsirara. Fararen riguna muka samu, sai wando ruwan toka a ɓangaren maza, ya fi ta tsawo da kamu guda. Surukina ya tsaya yana juya shi.

"Wando kuma, Umma? Na maza?"

Na ce, "A Kano me ƙannenka mata suka sa a firamare? Biya mu tafi."

Koren hijabi babu shi ko na magani. Da yamma na naɗe ƙafar wando da zare da allura, sannan na buɗe akwatina na ciro koren mayafin da na sayo a Madina, wanda nake adanawa don Sallah. Na daɗe ina kallonsa kafin na sa almakashi. Har yau idan na tuna sai na yi tsaki.

Litinin da sassafe ga kiran Hajiya, tana son hoton jikarta cikin kayan da ta ɗinka. Yarinya ta ja da baya ta maƙale a bango.

Na ce, "Ƙawata, hoto ba ya wari. Sa, ki riƙe numfashi, ki yi murmushi."

Ta sa, aka ɗauka, aka tura, aka tuɓe, na sake yi mata wanka tun daga kai. A ƙofar makaranta, yara suna ta shiga, ta tsaya ta miƙo mini hannun rigarta.

"Kaka, shinshina."

Na duƙa a gaban iyayen mutane na shinshina hannu, na shinshina wuya, na shinshina hijabi. Na ce, "Sabulu kawai." Ta shiga ba ta waiwayo ba.

Tun kafin a tashi ina bakin ƙofa. Ta fito da gudu, ƙafar wando ɗaya ta warware tana sharar ƙasa.

"Me suka ce?"

"Ba wanda ya ce komai!" Ta faɗa tana tsalle kamar an ba ta kyauta.

Muna shiga gida muka tarar uban ya dawo aiki da wuri, wayarsa ta yi ƙara, ya miƙo mini. Hajiya ce, murna fal muryarta. Ta ce hoto ya yi kyau, ta riga ta ba tela yadin wasu guda biyu don canji, akwai mai tafiya wata mai zuwa, kuma ta samo mana busasshen kifi mai kyau za a haɗa a jaka ɗaya.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya." Na danƙa wa ɗanta wayar, na tsaya a kansa ina jira in ji abin da zai ce.