Burodin Lalla Zuhur

Shekara arba'in da ɗaya Ba Allal ya yi a ramin tandar unguwarmu a tsohon garin Fas. Kowane gida a nan yakan yi kwaɓin burodinsa, a jera a katako, a rufe da ƙyalle, a kai masa ya gasa. Da ganin ƙyallen ya san gidan. Bai taɓa haɗa na wani da na wani ba, kuma ba ya gajiya da faɗa maka haka.

Sai mutane suka fara sayar da gidajensu ana mayarwa masaukin baƙi. Katakai suka yi ta raguwa har ya rage na mutum ɗaya, wata tsohuwa, Lalla Zuhur. Mai ginin tandar, Haj Tuhami, ya daɗe yana son mayar da wurin gidan abinci. Ni na roƙa a bar tsohon, ba don Allah ba. Aikina zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido, daga masu jima zuwa maƙera, kuma baƙi na mutuwar son hoton tsoho a bakin wuta.

Ran wata Laraba na shigo da su goma sha biyu, daidai ya zaro na Lalla Zuhur. Wata Baturiya ta miƙa hannu za ta gutsura. Ba Allal ya daka mata katakon zaro burodi a yatsu. Wai burodin amana ne, ko shi da ya gasa bai isa ya taɓa ba. Matar ta fashe da kuka, mijinta ya hau ni da faɗa a gaban jama'a. Raina ya ɓaci, wallahi. Kafin la'asar na kai wa Haj labari, har da ƙari.

Mako bai zagayo ba aka karɓe makulli daga hannun Ba Allal. Yanzu wani ƙato ne a ramin, mai gemu fari tas, ko kwaɓi bai iya ba. Daga kanti ake kawo burodi ya ɗumama, baƙi su ci su yi ta santi.

Na ci karo da Ba Allal a dandalin Rasif, yana zaune a bakin shagon wani, hannuwa a cinya. Na zaci zagina zai yi. Ina!

"Ɗana, burodin Lalla Zuhur fa? Wa ke gasa mata?"

Da na yi shiru na wuce, da shi ke nan. Amma haushin ranar bai sake ni ba.

"Ba Allal, shekara biyu ke nan a kanti take sayen wanda take ci. Idonka ya tafi, ƙona shi kake yi. Tausayinka ya sa take aiko da kwaɓi. Kajinta take ba wa."

Ya daɗe yana kallon inda muryata take. Sannan ya tambaye ni, a hankali, ko duk unguwa sun sani.

Na ce masa kowa ya sani.