Burodin Dankalin da Inna Ta Gasa a Kan Yashi

Wata Alhamis ce bayan la'asar, a kakar shekarar da nake aji uku na firamare, idan lissafina bai ɓace ba. Muna tsakar gida ni da ƙanena Lawali muna ɓarar gyaɗa, awaki suna ta kawo mana farmaki, sai muka ji ƙugin babur ɗin Baffa Garba a ƙofar gida. Baffa ƙanen mahaifinmu ne. A Ƙaura Namoda yake zaune yana sayar da yadi, kuma duk Alhamis idan ya taso daga kasuwar Shinkafi sai ya ratso ƙauyenmu da ke kusa da Katuru ya gaida 'yan uwa. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Kullum akwai burodi biyu ɗaure a bayan babur, cikin leda mai gumi, irin mai laushin nan da ake matse shi a hannu ya koma dunƙule. Yaran gida suka ruga suna ihun oyoyo. Ni kuwa na daskare da ɓawon gyaɗa a hannu.

Rabon tsaraba a gidanmu aikin Goggo Rabi ne, yayar mahaifinmu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Tana da doka guda da ba ta sassauta wa kowa: "A gidan ga ba a ajiye tsaraba, gaban mai ita ake cinye ta." Sai ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno kusa da baƙon, ta yagi burodin, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya daga babba zuwa ƙarami. Kowa ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ci a nan take, ya yi godiya. A ganinta, yaron da ya juya tsaraba a hannu ko ya ce sai anjima, ya raina wanda ya kawo ta ne. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka ni ake fara kira, kuma rabona ya fi na kowa girma.

Washegari Juma'a kuwa sai in tashi cikina ya kumbura kamar ganga, ga murɗa, ga zawo, ga wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu. Haka na yi kusan shekara biyu. Na rame har zanen makaranta yana zagaya ni sau biyu. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini "Ma'u mai cikin Juma'a", in ana gaɗa ba mai son in faɗa hannunta, wai ƙasusuwana suna sukar mutum. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, kowa a garin ya samo wa ciwon nan dalili, kuma kowa ya tsallake burodin. Malamin ajinmu ya ce gudun gwajin lissafi nake, tunda ranar Juma'a yake yin sa, saboda haka duk Litinin bulala uku tana jirana. Goggo ta ce ciwon da ke zaɓar daren Juma'a ai ba sai an tambaya ba, mutanen tsamiyar hanyar rijiya ne. Aka hana ni bi ta wajen, na riƙa zagayawa ta bayan gonakin dawa da tulu a ka, tafiyar ta ninka. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi har idona ya yi ja, an ɗaura mini laya a ƙugu. Ba na cewa ba su damu da ni ba, don sun damu. Amma a wurinsu burodi abincin 'yan birni ne, abin alfahari, ba a tuhumarsa.

Inna ce kaɗai ta lura. Wani mako babur ɗin Baffa ya lalace bai zo ba, sai ga ni ranar Juma'a garau, har na share rabin filin makaranta na dawo na yi surfe. Bayan nan aka yi suna a maƙwabta aka aiko da cincin da taliya ranar Litinin, na ci, Talata na kwanta. Inna ba ta yi karatun boko ba, amma ta haɗa biyun nan ta gane alkama ce. Sai dai akwai abin da ya ɗaure mata baki. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, "yarinyar ga" take cewa, ba ta nuna damuwa da ni a gaban mutane, kuma maganar lafiyata a hannun Goggo take. Da ta daure ta gaya wa Baba, sai ya ce, "To, mu gani." Da ta kai maganar ga Goggo, Goggo ta tafa hannu ta ce, "Burodi? Abin da ake ba majinyaci da shayi a asibiti?" Kafin rana ta faɗi zancen ya zagaya gidaje, wai Inna ta zubar da kunya a kan 'yar fari, kuma ta fara raina abin hannun dangin mijinta.

Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: ni ma ina son burodin. Ina tsoronsa, amma ƙanshinsa yana ja na, kuma da an hana ni kawai, da na zauna ina kallon bakin Lawali ina kuka. Ina jin wannan ne ya sa Inna ta yanke shawarar yi mini nawa. Lokacin tonon dankali ne, an jibge shi a gindin rumbu daga 'yar fadamarmu. Da hantsi, idan Goggo ta fita barka ko gaisuwa, sai Inna ta dafa dankali ya yi luguf, ta ɓare, ta kirɓa shi a turmi har ya zama kamar tuwo. Na farko da garin dawa ta haɗa, ya fito yana marmashewa, ko kaji sai da suka yi shawara kafin su tsattsage shi. Na biyu ta sa garin rogo zalla, ya yi danƙo kamar ƙaro, Lawali ya kusa barin haƙori a ciki. Ba zan rantse a kan adadin gwajin ba, amma ya haura biyar. Daga ƙarshe ta gano ma'auninta: dankali kashi biyu, garin shinkafar da ta jiƙa ta daka da kanta kashi ɗaya, ɗan garin rogo don ya riƙe, ƙwan zabuwa, man gyaɗa, gishiri, sai ludayi guda na ƙullun masa da ya kwana, shi ne mai tayar da shi. Ta rufe ƙwaryar da faifai ta ajiye a rana. Idan ya kumburo sai ta mulmula shi ƙanana, ta sa a gwangwanayen madara da ta shafe da mai. Ta zuba yashin gulbi a gindin tsohuwar tukunyar ƙarfe, ta jera gwangwanayen a kai, ta rufe, wuta kaɗan a ƙasa, garwashi a bisa murfi. Da ta buɗe, sai ga su sun yi tozo, samansu ja-ja, cikinsu rawaya mai laushi, da wani zaƙi wanda ba na sukari ba. Ta miƙo mini ɗaya ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ungo, ci in gani."

Mako uku muka yi muna dabara. Ranar Alhamis sai in ɓoye nawa a cikin hijabi, in durƙusa in karɓi rabona a hannun Goggo, in ɗan juya baya in zura wa Lawali, ni kuma in ci na dankali ina godiya. Juma'a uku a jere na je makaranta, har na cinye gwajin lissafi, malam ya ce ai ga amfanin bulala nan. Goggo kuma ta ce layar ce ta fara aiki. A mako na huɗu launin ne ya tona mu. Goggo ta hango rawaya a bakina, ta jira har Baffa ya tafi, sannan ta kira Baba, ta kira Inna, ta ɗauko ragowar burodin da aka ajiye don shayin safe, ta yago babban yanki ta ce in cinye a gabansu, yau za a ga ƙarshen ƙarya. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na dubi Inna a bakin madafa, amma kunyar 'yar fari ta hana ta buɗe baki a gaban miji da yayarsa. Na ci ina hawaye. Kwana uku na yi ban iya miƙewa ba. Na sha gwada yi musu uzuri, in ce zamani ne, in ce rashin sani ne, kuma mai yiwuwa haka ɗin ne. Amma yarinya 'yar shekara tara aka sa ta ci abin da uwarta ta ce yana cutar da ita, don kawai a nuna wa uwar iyakarta. Wannan kam na kasa samo masa uzuri.

Alhamis ta zagayo, Baffa ya iso, aka kira ni ban fito ba. Ya tambaya ina Ma'u. Kafin Goggo ta amsa, Inna ta leƙo daga madafa. Akwai wasa tsakanin mace da ƙanen mijinta, ta nan ta bi, tana murmushin da bai kai ciki ba ta ce, "Garba, burodinka zai kashe mini yarinyar ga." Baffa ya saurari bayanin har ƙarshe, ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi! Shi ne duk gidan ga aka rasa mai gaya mini? To mi ya hana in riƙa kawo mata lemu?" Ya ce a ba shi na dankalin ya ɗanɗana, ya cinye biyu, ya sa aka ƙunsa masa uku ya kai wa matarsa. Shi ke nan. Mutumin da aka yi shekara biyu ana tsare masa mutunci da cikina, ashe ko a jikinsa. Daga ranar, lemu ko rake ne tsarabata, kuma a gabansa nake sha, dokar Goggo ba ta karye ba. Ita kuwa har ta koma ga Allah tana cewa hayaƙin ne ya kori mutanen tsamiyar.

Sai da na shiga jami'a a Sakkwato aka yi mini gwaji, likita ya ce jikina ba ya jure wani sinadari da ke cikin alkama, wanda suke kira gulutin. Ni ba likita ba ce, kuma ba zan ce duk yaro mai kumburin ciki abin da ke damunsa ke nan ba, gara a kai shi a duba. Yanzu a Gusau nake aiki. Ina da murhun gas mai wurin gashi, da kofin awo, kuma ba na sayen komai a shago sai na karanta bayan ledarsa sau biyu. Ina ganin mata a waya suna koyar da burodin dankali marar alkama kamar sabon abu, ana ta yaba musu. Nakan gasa nawa duk ƙarshen mako, yana yin kyau, amma bai taɓa yin ƙanshin hayaƙin kara ba. Ƙauyenmu ya zama wurin da ba a zuwa sai da fargaba, fadamar ta koma ciyawa, Inna tana Ƙaura a ɗakin haya, dankali ma sai ta saya a kasuwa. Na yi shekaru ina fushi, ina jiran wani a gidanmu ya dube ta ya ce ita ce mai gaskiya. Sai kwanan nan na lura ni ma ban taɓa faɗa mata ba.