Ƙudan Hagu Ba Nasa Ba Ne

Daga inda take sayar da fura a unguwar Aziziyya, Saudat na kallon wani dogon tsoho, gemu fari fat, takalmin kambas na leƙowa ƙarƙashin jallabiyarsa. Raket ɗin kashe sauro ne a hannunsa. Ƙuda ya biyo ta dama, ya ɗan rusuna, ya maka masa, tas! Ita dai ta rantse wannan ya ci kofuna a tanis, irin na biyu-biyu, kowa da ɓangarensa.

Wani ƙudan ya bi ta hagu, tsoho ko motsi.

"Baba, zai tsere!" in ji Saudat.

"Ƙyale shi, 'yata. Ɓangaren abokina Maharazu ne."

Ta duba hagunsa. Kujera ce an goge ta tsaf, ba kowa a kai.