Maiƙon Rijiyar Kawu

Shekarar da Kawu, wan mahaifiyata, ya haƙa rijiya a fadamarsa ta Tozai, ina koyar da kimiyya a wata makaranta a Isa. Albasa yake son yi da rani. Ruwa ya fito, amma da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma in ya kwanta sai ka ga maiƙo a kansa yana ƙyalli kala-kala.

Wani mai wucewa ya leƙa ya ce fetur ne. Da wani ne, da rawa zai taka. Kawu kuwa tsoro ne ya kama shi. Ya sha jin 'yan kasuwar Nijar suna cewa duk inda aka samu mai, tashin mutane ake yi. Gonar nan kuwa ta kakansa ce. Sai ya rufe rijiyar da zana, ya aza ƙaya, ya daina ban ruwa don kada maiƙon ya bi fangalin albasa kowa ya gani.

Innata ce ta aiko mini cewa wanta ya daina cin tuwo. Na je. Da ƙyar ya yaye zanar, yana waige-waige kamar mai ɓoye kayan sata.

Na sa tsinke na taɓa maiƙon. Ya farfashe gutsi-gutsi, ya ƙi haɗewa. Mai na gaske nan take yake komawa ya haɗe.

Na ce, "Kawu, wanga ba fetur ba ne. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido bai gani. Ƙarƙashin ƙasa suke zaune, suna cin ƙarfen da ke cikin ruwa. Ko cikin fetur ɗin, can inda babu iska babu rana, akwai danginsu."

Ya zauna daɓas a bakin rijiya. Albasar duk ta ƙone, rani ya tafi a banza. Na ji haushinsa, don da ya buɗe baki tun farko da ba a kai nan ba. Amma tausayi ya fi yawa, wallahi, ganin yadda ya rame.

Na ce za ni kawo magani a zuba su mutu, warin ya tafi.

Ya ce, "Suna ɓata albasa?"

Na ce a'a.

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

Sannan ya ce, "Bar su, ɗiyata. Na ɗanɗani tsoron a tashe ni daga inda na gada. Ba ni tashin kowa."