Makirufon da Na Jingina Kusa da Tulun Mama

Shekarun baya, lokacin da na sayo 'yan kayan ɗaukar sauti na gwanjo a Sabon Tasha, na fara jin kaina wani babban injiniya, matan zumunta na cocinmu a ƙauye kusa da Nok suka ce in zo in ɗauki waƙoƙinsu. Za su kai babban taron zumunta a Kafanchan. Asabar ɗaya tak suka ba ni, don daga Litinin kowa zai faɗa gonar citta, ba mai sake haɗa su wuri ɗaya sai bayan taron.

Makirufo biyu gare ni. Mai kyan na kafa gaban shugabarsu da masu amshi. Tsohon kuma na jingina shi can baya, kusa da tulun da mahaifiyata ke kaɗawa. Tun ina yaro aikinta ke nan a zumunta, ta zauna ta rungume tulu tana dukan bakinsa da soso. Ban taɓa jin ta yi waƙa ba, ko a kicin.

Suka tashi waƙa, coci ya ɗauka. Ni kuwa ganin wuta tana rawa a kwamfuta ya ishe ni. Na rataya abin saurare a wuya kamar sarƙa, ina ta gyaɗa kai irin na manya. Ko sau ɗaya ban kai shi kunne ba.

Washegari bayan sujada na kunna a gida. Wayyo ni! Ashe wayar makirufon gaba ba ta shiga da kyau ba. Muryoyin matan suna can nesa kamar daga ƙetaren rafi. Abin da ya fito sarai shi ne tulu, sai wata murya mai kauri, ƙasa-ƙasa, tana bin waƙar da yarenmu alhali sauran da Hausa suke yi. Tsoro da mamaki suka haɗe mini.

Ana haka sai ga shugabar zumunta, ta zo jin aiki. Na ce mata, "Shugaba, ku yi haƙuri, na ɓata muku komai."

Ta ce in kunna tukuna. Ta saurara har ƙarshe, ido rufe, sannan ta ce, "Ka ɓata me, yarona? Ai wannan muryar muke bi in mun ɓace a waƙa. Haka za mu kai shi."

Sai mahaifiyata ta leƙo daga kicin, hannu duk kumfa. Ta tsaya cik a bakin ƙofa.

"Kai, ina ka samo wannan?"

"Ke ce fa, Mama."

Ta girgiza kai. "A'a. Wannan muryan mamana ne. Haka take yi in tana niƙa."

Ashe ba ta taɓa jin muryar kanta a na'ura ba. Ta goge hannu a zani, ta zauna a ƙasa, ta ce in sake sa mata.

Yau, gaskiya, ba na danna komai sai abin saurare yana kunnena. Amma kullum nakan ajiye makirufo ɗaya a baya, wajen masu shiru. Har yanzu abin yana ba ni mamaki. Kakata ta rasu tun ba a haife ni ba, ko hotonta babu a gidanmu. Amma na san muryarta.